Ruɓewar Gindi, Tsagewa da Ƙunar Rana: Jagorar Magance Lahanin 'Ya'yan Tumatir da Feshi Ba Ya Warkarwa

A kowace kakar noman rani, daga lambunan Kadawa da Kura da Bunkure har zuwa fadamun Danja da na gaɓar gulbin Rima, ana tafka asarar tumatir wadda ba tsutsa ce ta jawo ta ba, ba kuma ƙwayar cuta ba. Shuka tana nan kore shar, ganye lafiya lau, amma in ka ɗaga reshe sai ka tarar gindin 'ya'yan ya yi baƙi, ko sun tsattsage, ko gefe guda ya koɗe ya yi fari. Abin da manomi ya fi saurin yi shi ne ya tsinki ɗaya ya kai wa mai shagon maganin gona, shi kuma ya miƙo masa kwalba. Tun bayan ɓarnar da sharon, wato ƙaramar tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, ta yi a 2016 hannunmu ya saba da injin feshi, duk abin da muka gani a gona sai mu ce a fesa.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin asara biyu ce a lokaci guda: kuɗin magani ya tafi, tumatir kuma ya ci gaba da lalacewa. Irin wannan lahani daga jikin shukar yake fitowa, sakamakon yadda aka ba ta ruwa, da irin takin da aka sa mata, da halin da saiwarta take ciki, da zafi ko sanyin da ta sha. Ba ya yaɗuwa daga shuka zuwa shuka, kuma babu abin kashewa a cikinsa. Gyaransa yana cikin aikin yau da kullum, galibi ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Mataki na farko: tantance abin da kake gani

Ka shiga gona da safe da wuƙa mai kaifi. Ka zaga kusurwa huɗu da tsakiya, ka tsinko 'ya'yan da suka lalace daga wurare daban-daban, ka jera su a inuwa. Abu uku za ka duba: a ina tabon yake a jikin ɗan tumatir, yaya kamarsa, kuma yaya ganyen shukar da ya fito daga ita.

In tabon yana can ƙasa, daidai inda fure ya bushe ya faɗi, ya lotsa, ya bushe, launinsa ruwan ƙasa ko baƙi, wannan ruɓewar gindi ce. Kullum a nan take farawa, ba ta farawa daga wajen marfi. Wani lokaci waje lafiya lau, sai ka yanka ka ga baƙi a ciki ta wajen gindin. Ita ce dai. Amma in tabon yana gefen da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana da zobe-zobe ruwan ƙasa, bai lotsa ba, to wannan cutar funfuna ce daga ƙasa. In ƙananan ramuka ne zagayayyu a jikin nunanne, ko baƙin tabo kusa da marfi tare da ɗigo-ɗigo a tsofaffin ganye, su ma cuta ce. In akwai huda, ka yanka ka bi ramin: ƙaramar huda a ƙarƙashin marfi tare da ganyen da aka cinye cikinsa aka bar fata, sharon ce, babbar huda da kashin tsutsa a baki, tsutsar 'ya'ya ce. Waɗannan su ne masu buƙatar magani.

Kada baƙar funfuna da kake gani a kan tsohon tabo ta ruɗe ka. Bayan gindi ya mutu ko fata ta tsage, funfuna takan zo ta zauna a kai. Baƙuwa ce da ta tarar da ƙofa a buɗe, ko ka kashe ta lahanin ba zai tsaya ba.

Daga nan ka tuge shuka ɗaya ko biyu daga inda abin ya fi tsanani, ka wanke saiwar. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai yawan ƙananan gashi. In ka ga ƙulli-ƙulli a jikinta, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani. In ta yi ruwan ƙasa tana saɓulewa, ruwa ya kwanta mata. In gajera ce an daddatse ta, aikin fartanya ne. Da yawa daga amsar da kake nema a jikin 'ya'ya, a nan ƙasa take.

Mataki na biyu: fahimci ruɓewar gindi, sannan ka gyara ban ruwa

A nan zan fi daɗewa, domin ita ce ta fi cin dukiyar masu noman rani, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta.

Ɗan tumatir yana buƙatar sinadarin kalsiyam domin gina bangon ƙwayoyin jikinsa. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin shuka sai cikin ruwan da saiwa ta zuƙo, ruwan kuma ya fi bin inda ake yawan fitar da shi, wato ganye. Ganye yana fitar da ruwa wuni guda, ɗan tumatir kuwa kaɗan yake fitarwa, saboda haka rabonsa kaɗan ne tun asali. Gindinsa shi ne ƙarshen layi. Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: kalsiyam ɗin da ya riga ya shiga ganye ba ya sake fitowa ya koma wa 'ya'ya. Shi ya sa za ka ga ganye cike da shi, ƙasa ma tana da shi, amma 'ya'ya suna ruɓewa.

Lokacin haɗari shi ne makonni biyu zuwa uku bayan fure ya ɗaure, sa'ad da ɗan yake girma da sauri, daga girman gurjiya zuwa kusan rabin girmansa. In a cikin waɗannan kwanaki shukar ta sha ƙishi ko da na kwana biyu ne, ganye zai janye ɗan ruwan da ke akwai, gindin ɗan ya rasa, ƙwayoyinsa su mutu. Tabon da ka gani yau, ƙishin da ya haife shi ya faru ne kwanakin baya. Dogayen iri kamar Roma da danginsa sun fi kamuwa, ƙanana zagayayyu kuwa da wuya su yi.

Saboda haka maganin farko shi ne ruwa daidai wa daida, ba yawansa ba. A bar gona ta bushe ƙurmus har ganye ya langaɓe, sannan a zo a cika fangali taf, wannan shi ne babban mai kawo ruɓewar gindi, kuma shi ne mai kawo tsagewa. Na san dalilin da ya sa ake yin haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowane tashin injin ban ruwa lissafi ne, mai bin layin ruwan kanal kuma ba shi ke da iko da ranar da zai samu ba. Amma man da za ka ƙona a ban ruwa guda mai yawa, in ka raba shi biyu ka ba da rabi-rabi a kusa da kusa, shukar ta fi amfana, ruwan da ke zurarewa ƙasa da saiwa ya tafi da taki shi ma ya ragu.

Ga lissafin da zai taimaka. Tumatir yana shan ruwa kimanin milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa ƙarshen tsinka. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita guda, wato lita 10,000 a hekta. A lokacin da shuka ta cika ganye tana ɗauke da 'ya'ya, cikin zafin ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, takan sha milimita 6 ko fiye a rana. In kana da shuka uku a murabba'in mita, kowace tana neman kusan lita biyu kullum. Wannan abin da shukar ke sha ne kawai, ban da wanda ke ɓacewa a hanya.

Ƙasa ce za ta gaya maka tazara. A jigawa mai rairayi, da zarar an fara fure, kada ka wuce kwana biyu zuwa uku. A ƙasa mai laka za ta iya kai kwana biyar ko shida a lokacin sanyi, amma ka rage tazarar in zafi ya shigo. Kada ka dogara da kallon saman ƙasa, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da sama cikin sa'o'i. Ka tona zurfin taƙi ɗaya kusa da shuka, ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta bar sanyi a tafin hannunka, da saura. In ta dunƙule amma da ka taɓa ta wargaje, yau ne ranar ruwa. In ta ƙi dunƙulewa sam, ka makara. In ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunka, ka yi yawa, kuma wannan ma yana kawo ruɓewar gindi, domin saiwar da ta rasa iska ba ta iya zuƙa ko tana cikin ruwa tsundum. Duk fangalin da ruwa ke kwana a ciki, ka yi masa mafita.

Ka ba da ruwa da sassafe ko da yamma. Wanda yake da halin sa tiyon ɗigo, ko da a ɗan yanki ne na gwaji, zai ga bambanci a wannan lahani kafin komai, domin ɗigo yana ba da kaɗan-kaɗan kullum, abin da shukar ke so ke nan.

Mataki na uku: kare saiwa da rufe ƙasa

Saiwar tumatir mai shan ruwa tana kusa da sama, tana bazuwa nesa da gindi. Noma mai zurfi da fartanya bayan an fara fure yana datse ta, kuma cikin mako biyu za ka ga sakamakon a gindin 'ya'ya. Ka gama noma mai zurfi da tara ƙasa a gindi kafin fure. Bayan nan, cirar hannu ko kankare sama-sama.

Sannan ka rufe ƙasa. A yankin Kura da Garun Malam ana ƙona bambaron shinkafa a banza bayan girbi, alhali shi ne abu mafi arha da zai rage maka ruɓewar gindi da tsagewa gaba ɗaya. Ka shimfiɗa shi, ko busasshiyar ciyawa marar iri, kaurin yatsu huɗu, ka bar ɗan fili zagaye da karan shukar don kada ya ruɓe. Yana riƙe laima, yana sanyaya ƙasa, yana hana ciyawa, yana kuma raba 'ya'ya da taɓa ƙasa. Ka dai riƙa ɗagawa kana duba gara. Ruɓaɓɓen takin gida da aka cakuɗa da ƙasa tun wajen gyaran gona yana yin irin wannan aiki daga ciki, musamman a rairayi. Amma ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ƙara gishiri, sai an bar shi ya huce tukuna.

In ka tarar da ƙulli a saiwa, babu abin da za ka yi wa shukar bana illa ka rage tazarar ruwa. Baɗi kada ka maimaita tumatir, tattasai, attaruhu, gauta ko kuɓewa a wurin. Ka sa masara, dawa, alkama ko shinkafa. In kuma kana ganin farin ɓawo kamar kanwa a saman kunya bayan ruwa ya janye, gishiri ya taru. Gishiri yana hana saiwa zuƙar ruwa ko ƙasa tana jiƙe. Kafin dashe ka yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu tare da buɗe magudana don ya wanke, kuma ka dasa a gefen kunya, ba a kan tsininta ba, domin a tsini gishirin ya fi taruwa.

Mataki na huɗu: daidaita taki

Yuriya tana sa ganye ya yi duhu cikin 'yan kwanaki, shi ya sa muke son ta. Amma in aka zuba da yawa lokaci guda ana tsakiyar fure, illa biyu take yi. Ganye yana yin yawa, ya ƙara janye ruwa da kalsiyam daga 'ya'ya. Sannan a ƙasa tana fara rikiɗa ne zuwa amoniyam, wanda ke gogayya da kalsiyam wajen shiga saiwa.

Mu yi lissafi da buhu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Buhun kamfa 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin da kilo 5 kacal na fotash. Wanda ya zuba kamfa huɗu da yuriya biyu ya ba gonarsa kilo 86 na naitirojin da kilo 20 na fotash. Tumatir kuwa, a tsawon rayuwarsa, ya fi ɗaukar fotash a kan naitirojin, kuma mafi yawan fotash ɗin cikin 'ya'ya yake tafiya. Wannan giɓi shi ke fitowa daga baya a matsayin nuna dabbare-dabbare, rawayar kafaɗa, fari-fari mai tauri a ciki, da tumatir mai kogo marar nauyi.

Abin da nake ba da shawara shi ne a sa takin supa tun wajen gyaran ƙasa, domin ban da fosforas yana ɗauke da kalsiyam mai yawa da farar wuta. In za a sayi kamfa, 15-15-15 ya fi 20-10-10 dacewa da tumatir. A raba naitirojin kashi uku ko huɗu ƙanana maimakon biyu manya. Daga lokacin da 'ya'yan farko suka ɗaure, a karkata zuwa fotash: buhu ɗaya na jan takin fotash yana da kilo 30. Shi ma a raba shi, domin in ya yi yawa lokaci guda zai yi gogayya da kalsiyam, ya kuma ƙara gishiri. A binne taki nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, a bi shi da ruwa.

Tumatir ya fi son ƙasa mai awon tsami (pH) tsakanin 6.0 da 6.8. In ƙasarka ta yi tsami sosai, farar ƙasar gona tana gyara ta, tana kuma ƙara kalsiyam, amma sai an sa ta wata ɗaya ko biyu kafin dashe. In awon daidai yake, kalsiyam kawai ake nema, jibsam ne ya dace, domin ba ya canja awon. Toka tana da fotash da kalsiyam, amma tana rage tsami da sauri, kada a jibga ta a ƙasar da dama tana da kanwa. Ɓawon ƙwai da ake yayatawa a intanet yana ɗaukar dogon lokaci kafin ya narke, ba zai ceci 'ya'yan bana ba. Duk wannan ba a gane shi da ido. Awon ƙasa ne ke faɗa. Malaman gona na KNARDA, wato hukumar aikin gona ta Jihar Kano, ko na hukumar aikin gona ta jiharka za su iya nuna maka yadda ake ɗibar samfuri, akwai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da reshen NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, da ke Bagauda. In ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi aka auna sau ɗaya, ya wadatar na shekaru biyu ko uku.

Batun fesa kalsiyam fa?

Tambayar da aka fi yi ke nan. Ra'ayina shi ne taimako ne ƙarami, ba magani ba. Tunda kalsiyam ba ya barin ganye ya koma ɗa, abin da ka fesa a ganye ya tsaya a nan. Sai wanda ya sauka a jikin ƙananan 'ya'ya kai tsaye yake da ɗan amfani, shi ma fatar ɗan ba ta sha sosai. In za ka yi, ka narka gram 4 zuwa 5 na takin kalsiyam naitiret a kowace lita ta ruwa, wato gram 64 zuwa 80 a injin goyo mai lita 16. Ka auna bakin feshin kan gungun 'ya'yan da ba su wuce girman goro ba, da yamma bayan rana ta yi sanyi, sau ɗaya a mako. Kada ka haɗa shi a tanki ɗaya da taki mai fosforas ko mai farar wuta, za su daskare su toshe bakin inji. Kalsiyam naitiret ya fi yin aiki in aka ba da shi ta ƙasa a madadin wani kaso na yuriya, ga wanda aljihunsa zai ɗauka.

'Ya'yan da suka riga suka kamu ba sa warkewa. Ka tsinke su tun suna ƙanana don shukar ta mai da ƙarfinta kan na sama. Sau da yawa gungun farko ne ke kamuwa, in ka gyara ruwa na biyu da na uku su fito lafiya.

Mataki na biyar: tsagewa

Iri biyu ce. Akwai wadda ke tasowa daga marfi ta gangaro ƙasa, tana da zurfi, ita ce ta fi muni domin ruɓa na shiga nan da nan. Akwai mai zagaya kafaɗa kamar zobe. Dalilinsu ɗaya: ciki ya kumbura da ruwa fiye da yadda fata za ta iya miƙewa. Yana faruwa ne in ɗan ya ƙosa ya fara nuna, aka bar shi da ƙishi, sannan ruwa mai yawa ya zo. Masu tumatir ɗin damina sun san wannan sarai: ruwan sama guda bayan kwanakin fari, washegari rabin nunannun sun fashe. Ɗan da rana ke duka kai tsaye ya fi tsagewa, saboda yana yin zafi da rana, ya huce da dare.

Duk abin da aka faɗa kan ban ruwa da rufe ƙasa yana aiki a nan. Ƙari a kai: in an fara tsinka, ka ɗan rage yawan ruwan kowane zuwa, amma kada ka ƙara tazara. Ka yi tsinka kafin ban ruwa, ba bayansa ba. Da damina, in hadari ya haɗu alhali an kwana biyu ba ruwa, ka shiga ka kwashe duk wanda ya fara sauya launi. A noman damina ka dasa a kan kunya mai tudu, ka kafa sanda ka ɗaure. Iri ma ya bambanta: masu kaurin fata irin su UC82B sun fi jurewa a kan manya masu laushi, amma babu irin da ba ya tsagewa in aka yi wasa da ruwansa.

Mataki na shida: rana da launi

Ƙunar rana tana fitowa a gefen da ke fuskantar rana, galibi yamma. Wurin yakan yi fari ko rawaya, ya yi ƙyalli, daga baya ya lotsa ya bushe. Koren da ya ƙosa da wanda ya fara nuna sun fi kamuwa. Inuwar ɗan tumatir ganyen uwarsa ne, saboda haka duk abin da ya cinye ganye, sharon ko cutar ganye ko jan gizo-gizo, ya buɗe wa rana hanya. A nan feshi yana taimakawa, ta hanyar tsare ganyen. Masu tsinka ma suna jawo ta: a juya reshe a ɗebi nunannu, a bar shi a kife, 'ya'yan da suka saba da inuwa su kwana biyu a fili. Ka gaya wa 'yan aikinka su mai da kowane reshe yadda suka same shi. In ganye ya riga ya zube, ka yafa bambaro sama-sama a kan 'ya'yan. Layin masara jefi-jefi a cikin gona, wanda manoma da yawa ke yi dama, yana rage zafin yamma.

Jan launin tumatir daga sinadarin laikofin yake, kuma shukar ta fi ƙera shi a tsakanin digiri 20 da 24 a ma'aunin Salsiyos. In zafin jikin ɗan ya haura digiri 30 zuwa 32, aikin ya tsaya, rawayan launi kuwa ya ci gaba. Shi ya sa tumatir ɗin Janairu yake ja wur, na Afrilu kuma, lokacin da zafin Kano ke kusantar digiri 40, yake fitowa ruwan lemo, kafaɗarsa rawaya da tauri. Fotash isasshe da ganye mai rufi suna ragewa. Wajen sayen iri, ka nemi wanda ɗanyensa kore ne bai ɗaya, ba mai duhun kafaɗa ba. Ka kuma ɗaga ganye ka duba: farin ƙuda in ya yi yawa shi ma yana sa nuna dabbare-dabbare, wannan kuwa sai an yaƙe shi.

Mataki na bakwai: fure da siffar 'ya'ya

Zubar fure, tumatir mai kogo, da mai murɗaɗɗen gindi duk daga lokacin fure suke. In zafin rana ya wuce digiri 35, ko dare ya ƙi sauka ƙasa da 22 zuwa 24, garin fure yana lalacewa, fure ya bushe ya faɗi. In dare ya sauka ƙasa da 13, kamar yadda ake samu a tsakiyar hunturu a Disamba da Janairu, musamman a Jos da kewaye, barbara ba ta kammala. Ɗan da ya samu iri kaɗan a ciki shi ne yake fitowa da kusurwa-kusurwa, in ka yanka ka ga kogo. Sanyin da ya sami fure tun yana toho kuma shi ke sa gindi ya fito a murɗe da tabo da ramuka, musamman a manyan iri. Siririn tabo mai kama da ɗinki daga marfi zuwa gindi wani ɓangaren fure ne ya manne; ba ya hana ci ko sayarwa.

Babban maganin nan shi ne lokacin shuka. Wanda ya yi reno a Satumba ko farkon Oktoba ya dasa kafin Nuwamba ta yi nisa, furensa zai faɗa cikin sanyi mai daɗi. Wanda ya dasa a Janairu yana neman tsadar bazara, to ya sani furensa zai haɗu da zafin Maris, sai ya nemi iri mai jure zafi, ya rufe ƙasa, ya matso da ban ruwa. Shingen karan dawa ta gefen arewa maso gabas yana karya iskar hunturu da ke busar da fure.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Maganin ciyawa na 2,4-D da ake fesa wa shinkafa da alkama da masara, ɗan kaɗan ɗinsa yana murɗa ganyen tumatir ya siranta, 'ya'ya su fito a karkace. Yana zuwa ta iska daga gonar maƙwabci, ko ta injin feshin da aka ara. Wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ka ware inji na maganin ciyawa daban, ka sa masa alama, kuma ku yi magana da maƙwabcinka ya guji feshi ranar da iska ke kaɗowa wajenka.

Mataki na takwas: tsinka da abin da ya biyo baya

Tumatir ɗin da gindinsa ya fara sauya launi ya riga ya gama karɓar abin da zai karɓa domin ya nuna. Zai ƙarasa a inuwa. Tsinkarsa a wannan mataki tana kuɓutar da shi daga tsagewa da ƙunar rana, kuma a lokacin zafi ya fi yin ja a rumfa mai iska a kan ya zauna a gona. Ga mai lodi zuwa Legas ko Fatakwal, wannan ne matakin da ya dace. Mai kaiwa kasuwannin Kano na kusa kamar Kwanar Gafan ko 'Yankaba a ranar yana iya bari ya ƙara ja.

Ka tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ka kai inuwa nan take. Kwandon da aka bari a bakin titi cikin rana yana ƙonewa daga sama kamar yadda yake ƙonewa a gona. Kwandon gora yana huda na gefe, nauyi yana matse na ƙasa. Kirat ɗin roba mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25 ya fi tsare kaya in ana samunsa haya. Kada a sa ɗanye ko mai shirin nuna a wuri mai sanyin da ya gaza digiri 12, domin sanyi yana hana shi nuna da kyau, ya sa fatarsa ta yi ramuka, ya ruɓe da wuri bayan an fitar.

Ka ware masu lahani tun a gona, kada ka cusa su a tsakiyar kwando, tsagagge ɗaya yana jiƙa na kewaye da shi ya ruɓar da su. Mai tabon gindi ko ƙunar rana, in funfuna ba ta hau ba, a yanke wurin a yi miya da sauran. Tsagaggu a yanka su a ranar a yi kauɗa, a shanya a kan tabarma ko buhu bisa gado mai tudu, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba. Wanda funfuna ta riga ta kama ko ya fara wari, kada ya shiga kauɗa. A tona rami a gefen gona a binne shi.